Gwamna Litan da Babbar Yunwar Indiya

Jama'a manoma da makiyaya, kowa a cikinmu ya san fari. Dattawa ba su manta da 1973 da 1984 ba, shekarun da rumbuna suka zama wayam, bisashe suka faɗi. A wannan wata mun kawo muku labarin wata ƙasa mai nisa, Indiya, da wani Bature da ya mulke ta lokacin da ruwan sama ya ɗauke. Fari daga Allah ne. Amma yawan mutanen da yunwa za ta kashe, da hannun masu mulki a ciki.

Asalinsa

Sunansa Robert Lytton, a bakinmu sai mu ce Litan. An haife shi a birnin Landan ran 8 ga Nuwamba 1831. Ɗan babban gida ne. Ubansa sanannen marubuci ne, ya kuma taɓa zama ministan ƙasashen da Ingila ke mallaka. Uwa da uba sun rabu cikin faɗa tun yana ƙarami. Ya yi karatu a Ingila da Jamus.

Yana ɗan shekara 18 ya shiga aikin jakadanci. Jakada shi ne manzon da ƙasa ke aikawa ya zauna a wata ƙasa, ya yi magana da yawunta. Wan ubansa ne jakadan Ingila a Amurka, shi ya ɗauke shi magatakarda. Daga nan Litan ya yi ta yawon manyan biranen Turai, ya fi shekara 25 yana wannan aiki. Ya iya zama da sarakuna, ya iya magana mai daɗi, yana kuma rubuta waƙoƙi. A 1873 ubansa ya rasu, ya gaji sarautar gidansu. A 1874 ya zama jakada a Fotugal.

A 1876 faraministan Ingila, Disraeli, ya naɗa shi babban gwamnan Indiya, wakilin Sarauniya Biktoriya. A lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Kafin nan Litan bai taɓa mulkin wata ƙasa ba.

Damana ta ƙi

A shekarar da ya isa, damana ta ƙi a kudancin Indiya. Jihohin Madaras, Bombai, Maisur da Haidarabad suka rasa shinkafa da gero da dawa. Shanun noma suka mutu. A 1877 farin ya kai har arewacin ƙasar.

Amma ran 1 ga Janairu 1877 Litan ya tara sarakunan Indiya a birnin Delhi. Aka yi gagarumin biki na naɗa Biktoriya sarauniyar Indiya baki ɗaya. Dubban baƙi suka ci suka sha, ga giwaye, ga sojoji. A daidai wannan lokaci mutanen karkara suna barin garuruwansu suna neman abin sawa a baka.

Ba a rasa cimaka a Indiya duka ba. Wasu jihohi sun samu albarka, ga kuma jirgin ƙasa na ɗaukar kaya. Amma Litan ya ba da umurni kada hukuma ta sa hannu don rage kuɗin hatsi. A ganinsa kasuwa za ta gyara kanta. Sai hatsi ya bi inda kuɗi suke. Cikin yunwar nan aka fitar da alkama wajen tan 320,000 zuwa Ingila cikin shekara guda. In an zuba ta a buhu mai kilo 100, ta fi buhu miliyan 3. A wurare da dama kuma ba a daina karɓar harajin gona ba.

Awon Tempul

Litan ya aiki wani babban ma'aikaci, Richard Temple, wato Tempul, ya duba aikin agaji a kudu. Shi Tempul yana da tarihi. A 1874, da yunwa ta taso a jihar Bihar, ya sayo shinkafa mai yawa daga ƙasar Bama ya raba. Mutane kaɗan ƙwarai suka mutu. Maimakon yabo, sai manyansa suka zarge shi da ɓarnar kuɗi.

Wannan karo Tempul ya tsuke hannu. Mai neman agaji sai ya je sansanin aiki, ya haƙa hanya ko magudanar ruwa. Ladan namiji a yini shi ne hatsi giram 450 da ɗan kuɗi kaɗan. Tiya guda takan kai wajen kilo biyu da rabi. Ke nan tiya guda ce cimakar mai aikin ƙarfi har kwana biyar. Ku da kuka san noma, kun san wannan awo ba ya riƙe mutum.

Wani likitan hukuma a Madaras, William Cornish, ya ƙi yin shiru. Ya rubuta cewa awon bai isa ba, mutane suna mutuwa a sansanin. Daga baya aka ƙara awon. Shi ma Litan ya je Madaras da kansa a 1877, aka faɗaɗa agaji. Amma an makara. Jikin da yunwa ta cinye ba ya jure amai da gudawa ko zazzaɓin cizon sauro. Daga 1876 zuwa 1878 fiye da mutum miliyan 5 suka mutu.

Toshe bakin jaridu

Jaridun da ake bugawa cikin harsunan Indiya sun yi ta kukan talakawa. A 1878 Litan ya kafa doka a kansu. Hukuma ta samu ikon ƙwace injin duk jaridar da ta ga tana zuga jama'a. Dokar ba ta shafi jaridun Ingilishi ba. Wata jarida a Kalkata, Amrita Bazar Patrika, ta koma Ingilishi nan take don ta tsira. Abin lura, jaridar da ake karanta wa talaka da harshensa ita ce aka ji tsoro.

A wannan shekara kuma Litan ya shiga yaƙi da Afganistan, don tsoron kada Rasha ta samu gindin zama a can. Yaƙin ya ci rayuka da kuɗi masu yawa, a ƙasar da aka ce babu kuɗin ciyar da mayunwata.

Ƙarshensa

A 1880 gwamnatin Disraeli ta faɗi zaɓe, Litan ya ajiye aiki. Da ya koma gida aka ƙara masa girman sarauta. A 1887 ya zama jakadan Ingila a Faransa. Ya rasu a birnin Paris ran 24 ga Nuwamba 1891.

Magajinsa Ripon ya soke dokar jaridu. Kwamitin binciken yunwa da aka kafa tun zamanin Litan ya ba da rahotonsa a 1880. Daga nan aka rubuta ƙa'idodi: a riƙa lura da ruwan sama da kuɗin hatsi, a buɗe aikin agaji da wuri, a ciyar da tsofaffi da yara da marasa ƙarfi kyauta.

Ku dubi Bihar, ku dubi Madaras. Fari ya taɓa su duka, ma'aikaci ɗaya aka aika musu. A Bihar an kawo cimaka da wuri, mutane suka rayu. A Madaras an tsaya lissafin kuɗi, aka yi ta haƙa kabari.

Don haka, ƴan'uwa, in kuka ga damana ta soma ƙi, kada ku jira sai rumbu ya ƙare. Ku rubuta yawan hatsin da ya rage a gari da kuɗin tiya a kasuwa, ku kai wa hukuma tun da sauran lokaci.