Damargu: tsakanin Peugeot 406 da Toyota Corolla

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya tara kuɗin mota a Tanut, galibi zaɓi biyu ke gabansa: mota matsakaiciya irin Peugeot 406 da Toyota Camry, ko ƙarama irin Corolla. Abin ba na wasa ba ne, domin tun bayan karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 ba kowane mai albashi ke iya sayen sabuwar mota ba. Akasari tsofaffi ne na Turai, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita hanyar waɗanda aka saba saukewa a Kwatano.

A kan gudiron da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Bakin Birji zuwa Tanut, matsakaiciyar ce sarauniya. Tana da nauyi, ba ta rawa idan babbar kamiyo ta gifta, kuma bayanta na ɗaukar buhun gero da kayan iyali. Mai ita kan samu gaisuwa ta musamman a wurin biki, abin da wasu alhazai ba su ɗauka ƙarami ba.

Amma Damargu ba gudiro kaɗai ba ce. Wanda aka tura aiki Belbeji, wadda ta zama gunduma a 2011, ko mai bin kasuwannin ƙauye yana awon hatsi, ya san rairayi ba ya ganin girman kowa. Motocin biyu da ƙafafun gaba suke ja, ga su kusa da ƙasa. Sai dai mai nauyi ta fi saurin nutsewa, kuma tsawonta kan sa cikinta ya zauna a kan tudun da manyan motoci suka bari tsakanin sawu biyu. Corolla kuwa, in an rage iskar taya, samari huɗu sun isa su fid da ita. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke kewar 504, wadda a da ake harhaɗawa a Kaduna: da ƙafafun baya take turawa, kuma tana da tashi.

Sai batun mai. Injin Camry na shekarun 1990 lita 2,2 ne, na Corolla 1,3 ko 1,6. Ko da yake matatar Soraz, da ta fara aiki a 2011, tana cikin gundumar Tanut, ba kyauta ake ba maƙwabtanta ba. Ruwa-ruwa mai arha ma ya yi ƙaranci tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023. Kuɗin binyat da na inshora su ma gwargwadon dawakin inji ake yanke su.

Kayan gyaran Corolla na samuwa a Damagaram da Kano ba tare da wahala ba. Ita 406, in wayoyinta suka rikice da ƙurar hunturu, ba kowane makaniki ke taɓa ta ba, sai a ɗaure ta da igiya a ja zuwa birni.