Baƙar tunkiya da buhu uku: waƙar yara ce ko kukan haraji?

Duk macen da ta taɓa miƙa wa yaro salula domin ya bar ta ta ji da masu ciniki, ko magidancin da ɗansa ke makarantar kuɗi inda ake koyar da Ingilishi a Maraɗi, Damagaram ko Yamai, da wuya a ce wannan waƙa ba ta taɓa shiga kunnensa ba. Turawan Ingila suna ce mata Baa, Baa, Black Sheep. Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba: ana tambayar wata baƙar tunkiya ko akwai gashi a wurinta, sai a samu buhu uku, a raba tsakanin maigida da uwargida da wani ɗan yaro na unguwa. Shi ke nan. To amma shekaru kusan ɗari ke nan ana jayayya a kan ko waƙar ta ɓoye wata magana da ta shafi ƴan kasuwa kai tsaye, wato haraji.

Bari mu fara da abin da yake a rubuce. An fara buga waƙar a birnin Landan wajen shekarar 1744, cikin wani ɗan littafin waƙoƙin yara da wata mata mai suna Mary Cooper ta fitar. Bayan kamar shekara 20 aka sake buga ta cikin wani littafin, kuma a nan rabon ya sauya: yaron bai samu komai ba, an bar shi yana kuka. Ku riƙe wannan, domin a kansa ne masu fassara suka fi kafa hujja. Karin da ake rera ta da shi kuwa ba na Ingila ba ne, na Faransa ne, wanda aka buga a 1761, kuma shi ne dai ake rera haruffan a, b, c da shi. Shi ya sa ko wanda bai taɓa zama ajin Ingilishi ba, in ya ji ta sai ya ce kamar ya san ta.

Kafin a gane zancen harajin sai an gane mene ne tunkiya a Ingila ta wancan zamani. Mu nan tumakinmu, balami ne ko uda, nama da fata muke nema a jikinsu, in ban da irin tumakin bakin kogi na yankin Tillaberi masu gashin saƙa. Su kuwa can gashin shi ne dukiyar. Shekaru 700 da suka wuce, abin da gyaɗa ta taɓa zama ga Maraɗi da Damagaram, shi ulu ya zama ga Ingila, har ma ya fi. Ana sausaye tumaki, a ɗure gashin cikin manyan buhuna, kowane buhu kimanin kilo 165, a loda wa jiragen ruwa zuwa garuruwan masaƙa irin su Bruges da Gand a ƙasar Beljiyam ta yau, wani kuma ya wuce har Italiya. Akwai shekarun da ake fitar da buhu 30,000 ko fiye. Manyan masu garke su ne sarakunan gargajiya da gidajen malaman coci.

Inda dukiya take, nan idon hukuma yake. A 1275 sarki Edward na ɗaya ya kafa kuɗin duwan a kan kowane buhun da zai bar ƙasar: sule 6 da kwabo 8, wato kashi ɗaya cikin uku na fam guda. Abin da zai ba ku mamaki, kuɗin ba baitulmalin sarki suke fara shiga ba. Wasu attajiran Italiya ne, gidan Riccardi na garin Lucca, suke karɓa a tashoshin jiragen ruwa, saboda sarki ya ci bashinsu. Kun dai san yadda abin yake in mutum ya jinginar da amfanin gonarsa tun kafin damina ta faɗi.

Da wannan kuɗin an iya zama. Rigima ta tashi ne a 1294, lokacin da sarkin ya shiga yaƙi da Faransa, aljihu ya bushe, ya ɗaga kuɗin zuwa sule 40 a kan buhu. Ninki shida ke nan a tashi guda. Mutane suka raɗa wa harajin suna da ke nufin mugun haraji. A nan ne muke son ƴan kasuwa su tsaya su duba da kyau. A takarda, mai fitar da kaya waje shi ke biya. Amma shi attajirin ba daga aljihunsa ya fitar ba. Komawa ya yi ƙauye ya karya farashin da yake sayen gashin a hannun makiyayi. Wanda bai taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba shi ya ɗauki nauyin. Duk mai sayar da albasa ko wake ya san wannan lissafi ba tare da an zauna an koya masa ba. Manyan ƙasar suka kai kuka a rubuce, suna cewa ulu ya kai kusan rabin arzikin Ingila baki ɗaya, kuma a 1297 dole sarki ya janye ƙarin.

Wannan duk tarihi ne tabbatacce. Wadda ta ɗaura shi a wuyan baƙar tunkiya ita ce wata marubuciya Ba'amurkiya, Katherine Elwes Thomas, cikin littafin da ta fitar a 1930, inda ta ce waƙar ƙorafi ce a kan harajin ulu. Daga baya aka yi ta ƙara wa miyar gishiri: wai maigida sarki ne, uwargida coci ce, yaron kuwa talaka makiyayi, wanda wani lokaci a ba shi saura, wani lokaci ya tashi hannu rabbana.

Labarin yana da daɗin ji, mu ma da za mu so a ce haka ne. Amma tsakanin 1275 da 1744 akwai shekara 469, kuma cikin duk waɗannan shekaru ba a samu takarda ko ɗaya da ta ambaci waƙar ba, balle ta haɗa ta da haraji. Sannan harajin ba rabon buhu uku ba ne, kuɗi ne ake biya a kan kowane buhu, kuma coci ba ta da kaso a ciki; ita ma mai sayarwa ce. Iona da Peter Opie, miji da mata da suka fitar da babban kundin waƙoƙin yaran Ingila a 1951, sun yi kaffa-kaffa da irin waɗannan fassarori. A ganinmu ita Thomas ta ga buhu a waƙa, ta ga buhu a tarihi, sai ta ɗinke su.

Akwai kuma zancen da ya fi yawo, cewa baƙar tunkiyar baƙin mutum ake nufi, waƙar kuma ta cinikin bayi ce. Jaridun Ingila sun yi ta hayaniya a kan haka tun daga 1986, wasu makarantu har suka sauya launin tunkiyar. Babu wata shaida ta tarihi da ta goyi bayan wannan. Abin da aka sani game da baƙin gashi magana ce ta marina: farin ulu yana karɓar kowane launi, baƙi ba ya karɓa, saboda haka kasuwarsa daban ce. Uwar da ta ji tsoron barin ɗanta ya rera ta saboda wannan jita-jita, ta kwantar da hankalinta.

Mu ma'aikatan rediyo muna da ɗan namu rabo a labarin. A 1951 gidan rediyon BBC ya je jami'ar Manchester ya ɗauki sautin wata kwamfuta mai girman ɗaki tana kaɗa waƙoƙi, kuma wannan na cikinsu. Yana daga cikin sautin kiɗan kwamfuta mafi daɗewa da ake da shi a ajiye.

Ulun kansa bai bar fadar Ingila ba. A majalisar dattawansu, shugaban zaman ba kan kujera yake zama ba, kan wani ƙaton matashi ne ja da aka cusa wa gashin tumaki, al'adar da ake dangantawa da zamanin sarki Edward na uku, domin kada manya su manta da abin da ya ciyar da ƙasar. A 1938 aka buɗe matashin za a gyara, sai aka tarar gashin doki ne a ciki. Aka zazzage shi, aka aika ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a lokacin su kawo ulu na gaskiya aka sake cusawa.