Idan Share Hawaye Ya Zama Kwangila

A ce daren jiya 'yan sanda sun je wani gida a Bamingam, bayan maƙwabta sun ji ihu sun buga waya. An tafi da maigidan. Da hantsi wayar matar ta yi ƙara, lamba a ɓoye. Muryar mace ce, kuma ba ta yi gaggawar faɗin inda take aiki ba. Abin da ta fara tambaya shi ne: "Ke kaɗai ce? Za ki iya magana yanzu?" In matar ta yi jim, mai kiran ta san akwai kunne a kusa, sai ta katse, ta bari zuwa wani lokaci.

Wannan mai kira ba 'yar sanda ba ce, ba lauya ba ce, ba kuma ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ba. A Birtaniya ana kiranta IDVA, wato mai tsaya wa wanda aka ci zarafinsa a cikin gida, wadda ba ta ƙarƙashin kowace hukuma. Tana da takwara, ISVA, mai tsaya wa wanda aka yi wa fyaɗe ko wani lalata na dole. Aikinsu ba wa'azi ba ne, ba kuma sulhu ba. IDVA ɗin ce za ta matsa wa ofishin gidaje a sauya makullin ƙofa yau, ba mako mai zuwa ba. Ita ce za ta taimaka a nemi umarnin kotu da zai hana mutumin kusantar gidan, ta sanar da makarantar yara wanda aka yarda ya ɗauke su. Ranar shari'a kuwa ita za ta nemi a shigar da matar ta wata ƙofa daban, a sa labule tsakaninta da wanda ake tuhuma, ta zauna da ita a ɗakin jira tana fassara mata abin da masu baƙar riga suke faɗa zuwa maganar mutane.

Akwai takardar tambayoyi 24 da ake auna girman haɗari da ita. Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa cewa zai kashe ki ko ya kashe kansa? Kina da ciki? Kin yi yunƙurin rabuwa da shi a shekarar nan? In amsar "e" ta kai 14, ko kuma mai tambayar ta ga alamar da ta tayar mata da hankali ko da ba ta kai ba, sai a kai maganar wani zama da ake kira MARAC, inda 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da na gidaje da na kula da yara suke haɗuwa a teburi guda. A Kadif aka fara irin wannan zama a 2003. Matar ba ta halarta. Mai tsaya mata ce bakinta a wurin.

Duk wannan kyauta ne ga wadda ake yi wa. Amma wani ne yake biya, kuma nan ne maganar da ta kawo ni take.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta kiyasta cewa a shekarar da ta ƙare a Maris 2024, mutum miliyan 2.3 masu shekara 16 zuwa sama ne aka ci zarafinsu a cikin gida a Ingila da Wels, mata miliyan 1.6, maza sama da dubu 700. Ma'aikatar cikin gida ta taɓa lissafa asarar da wannan masifa take jawowa a shekara guda, ta ce ta kai fam biliyan 66. Galibi gwamnati ba ta ɗaukar masu tsayawar nan aiki da kanta, kuma da gangan ne: wadda take tsoron a ƙwace mata 'ya'ya ko a kore ta daga ƙasar ba za ta buɗe cikinta ga mai ɗauke da katin hukuma ba. Saboda haka sai hukuma ta saya. Ƙananan hukumomi suna saya, hukumar lafiya tana saya, haka ma zaɓaɓɓun kwamishinonin da ke sa ido kan 'yan sanda, waɗanda aka fara zaɓa a 2012, aka kuma miƙa musu kuɗin tallafa wa waɗanda aka zalunta daga 2014. Masu sayarwa kuwa galibi ƙungiyoyin agaji ne. Hanyar cinikin ita ce dai wadda ake bi wurin kwashe shara ko gyaran titi: a tallata kwangila, a yi takara, a ba wanda ya ci.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan takarda ya san kamanninta. Shafuka ne rututu. Za a faɗi yankin da aikin zai shafa, da tsawon wa'adi, galibi shekara uku da yiwuwar ƙari. Za a ce dole a kira wadda aka turo cikin awa kaza, kowace ma'aikaciya ta riƙe mutum kaza, a kawo rahoto duk wata uku. Sai sharuɗɗan shiga: kuɗin da ƙungiya take juyawa a shekara, inshora, tsarin adana bayanai. Daga nan sai rabon maki, a ce inganci 70, farashi 30. Sai tambayoyi, kowace an ƙayyade mata yawan kalmomin amsa. Wanda ya fi maki ya ɗauka.

A ido, babu abin zargi. Kuɗin jama'a ne, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan aka bar jami'i ya zaɓi wanda ransa yake so a bayan labule. Takara tana tilasta wa hukuma ta faɗi abin da take so a fili, tana ba wanda aka kayar damar zuwa kotu, tana kuma hana tsohuwar ƙungiya ta miƙe ƙafa don ta san babu mai taɓa ta. Ba na cikin masu cewa a yi watsi da ita.

Matsalar ita ce abin da ake saye a nan ba ya auno a mudu. Yarda ce. Mace takan yi shekaru tana haɗiye abin da ke cinta kafin ta furta, kuma ranar da za ta furta, wurin da ta ji sunansa a bakin ƙawarta za ta nufa. Wannan suna shekaru ake yi ana gina shi. Takardar kwangila ba ta da gurbin da za a rubuta shi, in ma akwai, makinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da take da gurbinsa shi ne iya rubutu, kuma manyan ƙungiyoyi suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai rubuta takardun neman kwangila. Ƙaramar ƙungiya kuwa shugabarta ce za ta zauna da daddare ta cike, bayan ta wuni a kotu.

Abin da ya faru a Brighton a 2021 ya isa misali. Ƙungiyar RISE ta yi fiye da shekara 25 tana wannan aiki a garin. Aka tallata sabuwar kwangila ta shekara bakwai, ta kusan fam miliyan 5, sai RISE ta faɗi. Victim Support, babbar ƙungiya mai rassa a faɗin ƙasa, ta karɓi aikin tsayawa, Stonewater mai harkar gidaje ta karɓi gidan mafaka. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, matan da ƙungiyar ta taɓa taimaka wa suka fito fili suna magana. Ban ce waɗanda suka ci ba su iya aiki ba, kuma RISE ba ta mutu ba. Amma a dubi abin daga wurin matar da shari'arta take tsakiya: an sauya sunan ofis, an sauya lambar waya, ana tambayarta ko ta amince a miƙa fayil ɗinta ga wasu. Doka ta ba ma'aikata damar komawa ƙarƙashin sabon mai kwangila da albashinsu, sai dai ba kowa ke jira ba. Da zarar an fara raɗe-raɗin takara, ƙwararru sukan fara neman wani aiki. Inda kuma kuɗin na shekara ɗaya-ɗaya ne, watan Maris, ƙarshen shekarar kasafi, yakan zo wa ma'aikaciya da takardar gargaɗin sallama a jakarta alhali tana rarrashin wata.

Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne ƙananan ƙungiyoyin da wata al'umma ta kafa don kanta: na baƙaƙen fata, na 'yan asalin Asiya, na kurame, na masu naƙasa. Hukuma ta fi son kwangila guda babba, mai ɗaukar kowa, don ta fi sauƙin sa ido kuma ta fi araha. Amma araha ba ta ado. An gwada ƙarfi a kan wannan tun 2008. Ƙaramar hukumar Ealing da ke yammacin Landan ta daɗe tana ba ƙungiyar Southall Black Sisters, wadda aka kafa a 1979, kimanin fam dubu 100 a shekara. Sai ta yanke shawarar ta ɗauki wannan kuɗi ta ba wanda zai yi wa dukan mazauna yankin aiki ba tare da ware kowa ba. Mata biyu da ke amfana da ƙungiyar suka kai ƙara babbar kotu. Ana cikin sauraro hukumar ta janye, alƙali Moses kuma ya yanke cewa ta saɓa doka da ba ta fara auna yadda matakin zai shafi matan tsirarun ƙabilu ba, ya ƙara da cewa yi wa wata al'umma aiki na musamman bai ci karo da haɗin kan jama'a ba. Shekara 14 bayan haka, a 2022, Nicole Jacobs, kwamishinar da ke kula da wannan fanni, ta fitar da rahoton da ya nuna ƙasa da rabin masu neman taimako a cikin unguwanninsu ne suke samu, kuma irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi su ne suka fi rasa kuɗin gwamnati.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bahaushiyar da ta bi mijinta ɗalibi zuwa Ingila, takardar zamanta a rataye da tasa, ba ta da kowa sai matan abokansa, ba irin buƙatarta ɗaya da Baturiyar da gidan iyayenta yake bayan layi ba. Idan ta ce "iyayena sun ce in yi haƙuri," tana buƙatar wadda ta san nauyin wannan magana, ba wadda za ta rubuta cewa ta ƙi ba da haɗin kai ba. Kuma layi ɗaya a cikin kwangila, wanda ya ce kuɗin tafinta yana ciki ko ba ya ciki, shi zai yanke ko za a ji ta da bakinta, ko kuwa ɗanta mai shekara goma ne za a sa ya fassara abin da ubansa ya yi.

An ɗan yi gyare-gyare. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta wajabta wa manyan ƙananan hukumomin Ingila samar da tallafi a gidajen mafaka, aka ware fam miliyan 125 a shekarar farko, ta kuma amince cewa yaron da ya ga ana dukan uwarsa shi ma an zalunce shi. Sai dai wajibcin bai kai ga masu tsayawa da ke aiki a unguwa ba, alhali yawancin mata ba sa zuwa gidan mafaka. Wata doka ta 2024 ta ce masu sayen su riƙa haɗa kai wurin tsara buƙatun yankinsu. Sabuwar dokar bayar da kwangila, wadda ta fara aiki ranar 24 ga Fabrairu 2025, ta cire kalmar da ke karkata hankali ga tattalin kuɗi daga ma'aunin zaɓe, ta bar "tayin da ya fi amfani". Kuma tun da can babu abin da ya hana hukuma ta raba kwangila gida-gida, ko ta ba ƙaramar ƙungiya tallafi kai tsaye ba tare da takara ba. A Ailan ta Arewa, ma'aikatar shari'a da rundunar 'yan sanda sun sayi aikin a dunƙule, amma ƙungiyoyin gida uku ne suka haɗu suka ɗauka a 2021 da sunan ASSIST NI, biyu masu tushe a aikin mata daga Belfast da Derry, ɗaya ta maza. Ƙofofin a buɗe suke. Abin da ya rage shi ne jami'in da ke rubuta takardar ya zauna da waɗanda suka taɓa shiga wannan hali kafin ya ɗora alƙalami, ba bayan an sa hannu ba.

A Najeriya ba mu kai wannan gaɓa ba tukuna. Akwai dokar hana cin zarafi ta 2015, akwai cibiyoyi irin su Mirabel a Legas, Salama a Kaduna da Waraka a Kano, amma kuɗin masu ba da agaji daga waje ne ya taimaka wa da yawansu suka tsaya da ƙafa. Ranar da jihohi za su ɗauki nauyin gaba ɗaya, tambayoyin Ealing da Brighton ne za su taso, da ƙarin namu da muka sani game da yadda kwangila take tafiya.

Ga wadda take zaune a Birtaniya kuwa, ko wanda yake da 'yar'uwa a can, ga abin da ya kamata a riƙe. Ba a biyan ko kwabo. Ba sai an kai ƙara wurin 'yan sanda ba kafin ISVA ta saurari mutum, kuma maza ma ana karɓarsu. Ana iya neman tafinta, ana iya cewa mace ake so. Daga Fabrairu 2024, matar ɗalibi ko ta ma'aikaci da aurenta ya lalace saboda cin zarafi tana iya neman izinin zama na wata uku a karan kanta, wanda zai ba ta damar samun tallafin gwamnati, amma ta nemi shawarar masanin dokar shige da fice kafin ta cike takardar, don tana shafar izininta na da. Layin taimako na Ingila, wanda ƙungiyar Refuge take gudanarwa dare da rana, shi ne 0808 2000 247. In abu ya yi tsanani a kira 999, in kuma ba halin magana a wayar hannu, a saurara, a danna 55 idan aka buƙata.