Kafin Mu Jefar Da Na'urar DVD

A zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku, yanzu kusan kowa a waya yake kallo. Amma bikin auren yaya, da sunan ɗan fari, da tafsirin malamin unguwa da ya riga mu gidan gaskiya, duk a faifan DVD suke ajiye. Ranar da na'ura ta ƙi karanta su, ranar ce hankalinmu ke tashi.

Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, ƙurar hunturu ce ta rufe ɗan idon gilashin da ke karanta faifai. Sai hoto ya riƙa tsayawa, ko ta ce babu faifai. A fara goge faifan da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, kada a zagaya. In bai yi ba, a kai wa mai gyaran rediyo ya share idon. Wannan fa ba aikin yara da tsinken tsintsiya ba ne.

Faifan da ɗan'uwa ya sayo a Amurka kuwa lambar yankinsa 1, na Saudiyya 2, namu 5, kuma wata na'urar nata kaɗai take karɓa. In hoto ya fito fari da baƙi, a duba saiti: Amurka na amfani da NTSC, mu PAL.

Faifan da aka buga mana a shago ba ya jure zafi da rana, a hankali yake gogewa. Wanda har yanzu yake nunawa, mu kwafe shi a filas kafin hunturu ya shigo.