Rumfar Hange a Kan Tsaunin Norway

Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Amma akwai wurin da hangen kawai ake so mutum ya yi, shigar kuma a bar wa masu gida. A tsaunukan Dovrefjell da ke tsakiyar ƙasar Norway, masu gidan dabbobi ne, wani nau'in barewar ƙasashen ƙanƙara mai ƙahoni masu rassa. Waɗannan bareyi suna da tsoron mutum ƙwarai. Da sun sansano shi sai garke ya tashi ya bar makiyaya. To, yaya za a yi jama'a su ga wannan daji ba tare da sun kori mazaunansa ba?

Amsar ita ce wata rumfa da aka buɗe a shekarar 2011 a kan tudun Tverrfjellet, kusa da ƙauyen Hjerkinn, a tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku. Cibiyar kula da barewar daji ta ƙasar ce ta sa a gina ta, kamfanin zanen gine-gine na Snøhetta kuma ya tsara. Sunan kamfanin ma daga tsaunin da rumfar ke fuskanta aka samo shi, wato Snøhetta mai tsayin mita 2,286.

Mota ba ta kai mutum bakin ƙofa. A ƙasa ake ajiye ta, a taka kilomita ɗaya da rabi a kan tafarki guda da aka gyara. Ta haka sawun mutane ya taru a layi ɗaya maimakon ya bazu cikin ciyayi.

Daga nesa ginin bai wuce akwati ba: kusurwa huɗu, ƙarfe da aka bari ya yi tsatsa har launinsa ya saje da duwatsun wurin, da bango guda na gilashi zalla. Girmansa murabba'in mita 90 ne kacal. Gwanintar tana ciki. Bangon katakon da ke ciki ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa yake yi yana kumbura yana lotsawa, kamar falalen dutsen da ruwa da iska suka shekara dubbai suna gogewa. Wanda ya taɓa zama a gefen rafi kan dutsen da ruwa ya goge ya san yadda jiki ke samun mazauni a irin wannan lotsi. Nan ma haka ne: bangon shi ne kujera, shi ne majingina, shi ne matakala. A tsakiya ga murhu a rataye saboda sanyi. A bayan ginin kuma katakon ya leƙo waje, mutum ya zauna ya sha hantsi.

Yadda aka yi aikin ma abin lura ne. An fara fitar da siffar a kwamfuta, sannan aka miƙa wa maƙeran jiragen ruwa na yankin Hardanger, mutanen da lanƙwasa katako gadonsu ne. Su suka sassaƙa manyan gumagumai da inji, aka jera su, aka ɗaure da turakun katako irin na da. Ginin kan tsauni ba ya samun mai gyara kullum, don haka aka zaɓi kayan da za su jure ƙanƙara da guguwa su tsufa da mutuncinsu.

Filin da ke kewaye da rumfar a da sojoji ne ke atisayen harbi a cikinsa, an kuma haƙi ma'adinai a tudun. Yanzu an mayar wa daji abinsa.

Darasin da ke nan ya shafi duk wanda zai ɗora gini a kan tudu don masu shaƙatawa. Ya fara zama ya ga ta inda iska ke bugowa, inda rana ke faɗuwa, da abin da ke rayuwa a wurin kafin zuwansa. Ya taƙaita girma, ya ɗauki launi daga ƙasar da yake takawa. Idan baƙo ya sauko yana ba da labarin tsaunin da ya hango, da garken da ya gani yana kiwo hankali kwance, to magini ya ci ladan aikinsa.