Tegla Loroupe: 'Yar Tseren da Ta Mayar da Biki Gida

A yammacin Kenya, kusa da iyakar Uganda, akwai garin Kapenguria, cibiyar ƙasar Pokot. Mutanen yankin makiyaya ne, kuma sun daɗe suna gaba da maƙwabtansu Turkana da Marakwet da Karamojong a kan shanu da makiyaya da mashaya. Da mashi da kwari da baka ake kai hari a da. Da bindiga ta shigo hannun samari, sai ɓarnar ta wuce misali. Wanda ya fito daga Zamfara ko Katsina ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da satar shanu ke yi wa gari ba.

A wannan ƙasa aka haifi Tegla Loroupe a 1973, a gidan mai mata huɗu da 'ya'ya sama da ashirin. Ta tashi cikin kiwo da reno, tana sheƙa gudu zuwa makaranta ba takalmi, tafiyar kusan kilomita 10. Mahaifinta bai so wannan gudu ba, don a ganinsa ba aikin 'ya mace ba ne. A 1994 ta lashe gudun fanfalaki na birnin New York a Amurka, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta yi haka, ta maimaita a 1995. A 1998 ta kafa tarihin duniya a Rotterdam, inda ta cinye kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 2 da minti 20 da daƙiƙa 47.

Mai irin wannan suna yana iya tarewa a Turai ya huta. Ita kuwa a 2003 ta kafa gidauniyar zaman lafiya mai ɗauke da sunanta, ta fara shirya tseren shekara-shekara a Kapenguria. Dabarar mai sauƙi ce, amma akwai basira a ciki. Saurayin da ke kai hari ba yunwa kaɗai ke tura shi ba. Akwai neman suna, akwai shanun sadaki, akwai gudun kada sa'o'insa su kira shi rago. Tsere yana ba shi filin nuna jarumta a bainar jama'a ba tare da an zubar da jini ba. Sai ga mayaƙan ƙabilun da ba sa ga-maciji sun jeru a layi ɗaya, dattawa da jami'an gwamnati suna kallo. Wasu daga cikin mayaƙan sun miƙa bindigoginsu.

Gaskiya ɗaya ce: tseren bai kawo ƙarshen hare-haren ba. Ko a 2023 sai da gwamnatin Kenya ta tura sojoji yankin. Shi ya sa a ganina aikinta mafi nauyi shi ne makarantar da ta gina a Kapenguria domin marayu da yaran da rikici ya raba da gidajensu. Tsere na yini ɗaya ne, aji kuwa kullum ne. Cikin yara ɗari da wuya ɗaya ya ci abinci da gudu, amma dukkansu suna bukatar karatu da wurin kwana.

Manyan 'yan tseren Kenya sun gane wannan tun da wuri. Kipchoge Keino, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1968 da ta 1972, maraya ne, kuma shi da matarsa Phyllis sun reni marayu masu yawa a gonarsu kusa da Eldoret kafin su gina makarantu. Paul Tergat, wanda ya kafa tarihin duniya na gudun fanfalaki a Berlin a 2003, abincin da Hukumar Abinci ta Duniya ke rabawa a makarantarsu a Baringo ne ya zaunar da shi a aji yana yaro. A 2004 ya zama jakadan hukumar. Kowannensu abin da ya rasa, ko abin da ya cece shi, shi ya mayar gida.

Daga baya Tegla ta waiwayi wasu matasan da yaƙi ya koro. Ta buɗe sansanin horo a Ngong kusa da Nairobi, ta je sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma ta zaƙulo masu ƙafa. A gasar Olamfik ta 2016 a Birazil, ita ce jagorar tawagar 'yan gudun hijira ta farko a tarihi, mutum goma, biyar daga cikinsu 'yan Sudan ta Kudu da aka horar a wajenta. Wadda ta riƙe musu tuta ranar buɗe gasar, Rose Lokonyen, ba takalmi a ƙafarta ta yi tseren gwajin da aka zaɓe ta a Kakuma.