Motar a-kori-kura mai jikin alminiyam: ribarta da matsalarta ga mai saye

A watan Janairun 2014, a baje kolin motoci na birnin Ditroyit da ke Amurka, kamfanin Ford ya gabatar da sabuwar F-150 samfurin 2015, wadda aka ƙera jikinta da alminiyam a maimakon ƙarfen da aka saba. Matakin ya ja hankali domin jerin motocin F su ne a-kori-kura da aka fi saye a Amurka tun 1977. Sama da shekara goma ke nan ana muhawara a kai, kuma batun ya shafi masu saye a Afirka ta Yamma, inda tsofaffin motocin Amurka ke shigowa ta tashoshin ruwa irin na Lome da Kwatano.

Abin da ya sa aka sauya

Babban dalili shi ne nauyi. Alminiyam, wanda mutane da yawa a nan suka fi sani da dalmar da ake zuba tukwane da ita, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Sai dai bai kai ƙarfe tauri ba, don haka dole a ƙara masa kauri, wanda ke cinye wani ɓangare na ribar. Duk da haka Ford ya ce ya rage wa motar nauyin da ya kai kilo 317 a wasu samfura.

A lokacin, gwamnatin Amurka ta tsaurara dokokin shan mai. Ƙa'idojin da aka amince da su a 2012 sun tilasta wa kamfanoni ƙera motocin da ba su cika shan mai ba, kuma ma'aikatar makamashi ta ƙasar ta yi ƙiyasin cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin mota kan rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. Shasin motar, wato ƙashin bayan da ke ɗauke da inji da ƙafafu, ya ci gaba da zama na ƙarfe. Gidan direba da akwatin kaya na baya ne suka koma alminiyam. A samfurin 2017 kamfanin ya yi wa manyan motocinsa na Super Duty irin wannan sauyi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Land Rover ta farko, da ta fito a Ingila a 1948, jikinta na alminiyam ne, saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa har yau ake ganin tsofaffin Land Rover da shasinsu ya ci tsatsa amma jikinsu na nan.

Inda ribar take

Kilon da aka cire daga jikin mota kilo ne da za a iya ƙarawa a kaya. F-150 ta 2015, a samfurin da ya fi ƙarfi, na iya ɗaukar kusan kilo 1,500. Mota mara nauyi kuma ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa idan an taka birki, kuma ƙaramin inji na iya janta.

Riba ta biyu ita ce rashin tsatsa. Alminiyam na yi wa kansa wata siririyar fata da zarar ya haɗu da iska, wadda ke kare shi. Wannan na da muhimmanci ƙwarai a arewacin Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a hanyoyi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma ya riƙa cin ƙofofi da ƙasan mota. A Zinder ko Tawa, inda damina ƴan watanni ce, tsatsa ba ita ce ke fara kashe mota ba. Ramuka, ƙura, lodin da ya wuce ƙima da rashin kayan gyara sun fi ta ɓarna. Ke nan ribar da Ba'amurke ya biya kuɗi a kanta ba lallai ta yi wa ɗan kasuwar Maraɗi irin wannan amfani ba.

Ta fuskar tsaro, tsoron da aka yi da farko bai tabbata ba. Samfurin mai ƙofa huɗu ya samu tauraro biyar a gwajin haɗari na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka. Haka kuma idan motar ta mutu, jikinta na da daraja, domin sake narkar da alminiyam na cin kusan kashi 5 cikin 100 kawai na makamashin da ake buƙata wajen haɗa sabo daga ma'adinin boksit, wanda Gini ke cikin manyan masu haƙarsa a duniya.

Matsalar gyara

A nan ne gizo ke saƙa. Ƙarfe idan ya loɓa, mai gyaran jikin mota kan gasa shi da wuta, ya buga da guduma har ya koma daidai. Alminiyam ba ya yarda da haka. Idan aka yi ta bugunsa sai ya ƙara tauri ya tsage. Yana narkewa a zafin digiri 660, alhali ƙarfe sai wajen 1,500, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, don haka mai waldar da ya saba kallon launin ƙarfe zai iya huda ƙofa kafin ya ankara. Zafi mai yawa kuma na raunana shi ko da bai narke ba.

Saboda haka Ford bai dogara da walda ba wajen haɗa jikin. Ya yi amfani da ƙusoshin matsewa na musamman da gam mai ƙarfi. Gyaran da ya dace na buƙatar irin waɗannan kayan, da injin walda mai amfani da iskar argon. Dole kuma a ware guduma da goga da wurin aikin, domin idan ƙurar ƙarfe ta maƙale a alminiyam kuma danshi ya taɓa wurin, sai ya fara cinyewa, fenti ya kumbura. Haka ma idan aka ɗaura ƙusar ƙarfe kai tsaye a jikin, kamar yadda ake yi wajen ƙera kejin kaya ko na dabbobi a bayan mota, ba tare da saka roba a tsakani ba.

A 2015, cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta buga sabuwar motar da tsohuwar mai jikin ƙarfe a gudun kilomita 16 a awa, ta ga kuɗin gyaran mai alminiyam ya fi da kashi 26 cikin 100. Daga baya bayanan inshora sun nuna tazarar ba ta ɗore ba, domin an tsara jikin yadda za a kwance ɓangaren da ya lalace a saka sabo. Amma wannan sauƙi na wanda ke kusa da dila ne. Wanda ke Konni ko Tasawa sai ya yi odar ƙofar daga ƙetare, ya biya jigila da kuɗin duwan, motar kuma na ajiye.

Abin da sauran kamfanoni suka yi

Chevrolet ya mayar da batun talla a 2016, inda ya zuba tubalan dutse daga sama cikin akwatin motocin biyu, ya nuna na alminiyam ya huje, na ƙarfe ya loɓa kawai. Amma a Silverado samfurin 2019, shi ma ya yi ƙofofi da murfin inji da ƙofar baya da alminiyam, ya bar akwatin kaya da ƙarfe. Toyota Hilux da Land Cruiser, da suka fi yawa a hanyoyin Agadas da karkarar Nijar, jikinsu na ƙarfe ne, kuma kusan kowane garaji ya san hannunsu.

Dogaro da alminiyam na da wani haɗarin ga kamfanin kansa. A watan Satumban 2025 gobara ta tashi a masana'antar Novelis da ke Oswego a jihar New York, wadda ke samar wa Ford falankin alminiyam, lamarin da ya rage yawan F-150 da ake ƙerawa.

Kafin a biya kuɗi

Mai son sayen irin wannan mota ta hannu zai iya gane jikinta da maganaɗisu, domin ba ya kama alminiyam. Yana da kyau ya duba ko fenti ya kumbura a kusa da ƙusoshi da gefen ƙofofi, ya leƙa ƙasa ya ga shasi, tunda shi ƙarfe ne kuma yana iya zuwa da tsatsar gishiri ko da jikin na ƙyalli. Da yawa daga motocin da ake fitarwa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, don haka lambar shasi na taimakawa wajen binciken tarihin motar a intanet.

Ga ma'aikata ko kamfanin da motarsa ke bin kwalta kuma yana da garajin da ya san aikin, ƙarin lodi da ragin mai riba ce ta gaske. Ga mai jigilar albasa ko buhunan wake zuwa kasuwannin ƙauye, ya kamata ya fara sanin wanda zai gyara masa ita a garinsu, da kuma kwana nawa zai jira kayan gyara, kafin a yi ciniki.